Ƙumba Ba Ta Jiran Kasafi

Ranar Laraba Sahura kan zo
a bayan babur ɗin ƙaninta,
da jaka mai tambarin ƙaramar hukuma,
ta yi sallama sau uku, don kunnena ya yi nauyi.

Ni Cindo, da na yi Gujungu da ƙafa
shekara talatin, kayan koli a ka,
na taka ƙarangiya, na taka tsidau,
ba na tsayawa cire ƙaya sai an yi la'asar,
yau ƙafata ta yi mini nisa.
Ina hango ta can ƙarshen tabarma
kamar gonar da na ba wani aro.

Ta share ɗaki, ta kai shimfiɗa rana,
ta leƙa randa: "Baffa, wa ya ɗebo maka?"
Na ce Allah.
Ta ce, "Da hannun wa?"

Ranar farko na hana.
'Yar mutane, sa'ar jikata,
ta durƙusa gaban kaushina?
Ta ce, "Aikina ne, biya na ake."
Na ce to, ba ni zan hana ki abinci ba.

Ruwan ɗumi a tasa, da ɗan gishiri.
Faso ya tsaga dunduniya
kamar bakin tafki da rani,
ƙumba ta lanƙwashe ta koma cikin nama
kamar ƙahon tsohon rago.
Tana bi a hankali, tana duba tsakanin yatsu,
wai mai ciwon suga ba ya jin miki sai ya yi wari.
Ta shafa man kaɗe.
Na ji sanyi har ƙeya.

Ta miƙo takarda in dangwala.
Na yi dariya har da tari:
shekara da shekaru gwamnati
babban yatsan hannuna take nema ranar zaɓe,
ashe ta san ina da na ƙafa.

Jiya, tana ɗaure jaka, ta ce
kuɗin shirin zai ƙare bayan kaka.
Ko a sabunta, ko a bari,
suna can Dutse suna shawara.

To, su yi ta yi.
Juma'ar da ta wuce na kai kaina masallaci,
takalmi ya shiga, na samu sahu na biyu.
Sai dai wani ya gaya musu a Dutse:
ƙumba ba ta jiran kasafi,
ko daren jiya ta ƙaru.