Filina a Ƙarƙashin Tebur

Shekara shida kalmomina na zaman haya
a gidan mutanen da ban san fuskarsu ba.
Ran wata Talata suka garƙame ƙofa,
ba sammaci, ba sallama,
abin da na rubuta ya bi su, ko tsintsiya ban fito da ita ba.

Sai ga Cima, 'yar ƙanena, a bayan kabu-kabu,
rungume da tsohuwar kwamfuta, jikka arba'in a Kadro,
fankarta na tari kamar tsoho mai shan taba.
Ta tura ta ƙarƙashin teburina a Bagalam,
ta kaɗe hannu ta ce, "Baba, ga filinka. Gina."

Da me?
Ni da alli kaɗai na sani,
shekara talatin ina lissafi a lakwal.
Yau ga baƙin allo da ba ya karɓar alli,
wani ɗan farin tsinke na ƙyafta mini ido
yana jiran in faɗi abin da ban iya ba.

Ɗigo ɗaya na manta,
kwana biyu gidan ya ƙi buɗuwa.
Na tuna yaran da na rage wa maki saboda ɗigo.
Allah ya ba su haƙuri, an rama musu.

Da ya buɗe sai na shiga fenti.
Na shafa wa bango ja irin na akuyar garinmu,
rubutu kuwa ruwan ɗorawa.
Tsahiru mai walda ya leƙo, ya kare fuska:
"Mushe, wannan ya fi wutata cin ido."
Na mai da bangon launin nono, baƙaƙen su zama baƙi.

Sai kuma masu ƙugiya suka yi yaji.
Inda na sa ɗaki, wani ɗan akwati ya tsaya a bakin kalma,
ƙasa ta rasa kanta, ɓera ya rasa nasa.
Mako guda ina neman hannun rubutu
da ya san akwai mu a duniya.
Daren da ƙ ta fito da lanƙwasarta
na tashi na dafa shayi, ni kaɗai.

Ashe mai gida shi ne mai gadi.
Da asuba nakan duba littafin ƙofa:
ɓarayi marasa ƙafa, sau ɗari bakwai,
sun gwada makulli daga ƙasashen da na taɓa nuna wa yara a taswira.
Me suke nema wurin tsoho mai fansho?
Na tsawaita kalmar sirri har ni ma ta fara gagara ta.

Kuran ya ɗauke ana azahar,
gidana ya ɓace daga duniya awa biyar.
Tsahiru ya kawo batirin wata matacciyar mota,
bai karɓi ko dala ba.

Kowace Juma'a ina kwafe komai sau biyu,
ɗaya a aljihun tebur, ɗaya ya tafi Tibiri wurin uwar Cima.
Manomin da ya ga gobara ba ya zuba gero a rumbu ɗaya.

Shekaranjiya na danna sabuntawa, komai ya rushe.
Na ɗauki waya zan kira ta,
na ajiye.
Na buɗe kayena, na bi abin da na rubuta da jan biro,
layi bayan layi, har ladan ya kira isha.
Gidan ya miƙe.

Yau baƙi uku suka shigo.
Na farko ni ne. Na biyu Cima, na san sawunta.
Na ukun daga Abijan yake,
ya zauna minti tara kan abin da na faɗa game da gulbi,
ya tafi bai ce komai ba.
Fanka na ta tarinta a ƙarƙashin tebur.
Na sunkuya na share mata ƙura da gefen rigata.