Tawada a Valparaíso

Zauren da ke bakin tashar jiragen ruwa
ƙugi yake kamar an fasa amya:
allurai ɗari biyu, kowace na cin fatar wani.
Warin maganin ciwo ya gauraya da kifin da ake soyawa a ƙofa.

Wani ƙato ya kwanta rub da ciki yana cizon hularsa,
damisa na fitowa a bayansa,
ƙafa ɗaya tukuna.

Babana Eleuterio, shekara saba'in da tara,
ya naɗe hannun riga a gaban Ximena.
Sunan uwata ne, Hortensia,
wani matuƙin jirgi ya soka masa da allurar ɗinki.
Gishiri da rana sun lashe shi, saura shuɗin inuwa.

"A tashe shi," in ji shi.

Ta shafa fatar, ɓawon albasa.
Ta girgiza kai. Ba za ta jure ba.
Sai ta zaro biro daga gashinta,
ta bi harafi harafi,
tana tambayarsa yadda marigayiyar ke dariya.

Ko peso ɗaya ba ta karɓa ba.

Yau kwana huɗu ke nan
yana wanka da hannu ɗaya a sama,
kamar yaron da ya san amsa a aji.