Riɗin Bana

Motar Gumel ta sauke ni a bakin titi,
sauran tafiyar ta ƙafa ce.
Jaka a kafaɗa, takardar a aljihun gaba,
na ninke ta huɗu, na sake ninkewa
har ta koma kamar laya.

Yara suka rugo: "Ga Malam! Ga Malam!"
Tun ranar da na tafi aka sauya mini suna.
Ba mai ce mini Tanimu yanzu
sai Inna, ita ma in ta manta.

Ban ajiye jaka ba, Kawu Ilu ya miƙo kwalin magani
in duba masa sau nawa ake sha.
Uwale ta kawo wayarta, wai ta daina magana.
Na karanta, na gyara, na yi murmushi.
Wa zan gaya wa lissafi ya kayar da ni karo na biyu?

Ranar da aka liƙa sakamako
a bayan taro na tsaya, ina leƙe ta kafaɗar wani.
A can ba ni da suna, lamba ce ni.
Na bi ta da yatsa har ƙarshen layi,
na sake bi, ko layin maƙwabci na hau.
Nawa ne.

Ba wasa na yi ba, Allah ne shaida.
Na yi karatu da hasken waya har caji ya mutu,
na jiƙa garin kwaki da ƙuli safe da dare,
na sayar da takalmin salla na sayi handawut.
Malamin ya ba mu baya, da allo yake hira,
Turancinsa na gudu kamar ruwan kwazazzabo,
ni ina can benci na sha tara,
in kamo kalma ɗaya, uku su wuce.

Mu shida ne a ɗaki mai gado biyu.
Sadisu na Maigatari ya daina sa hannu a kwanonmu,
ya daina magana, sai kallon rufi.
Wata asuba muka tarar da katifarsa a naɗe.
Har yau bokitinsa na bayan ƙofa,
ba wanda ya iya wanka da shi.

Washegari na bi Baba gona.
An yanke riɗi, an jingina, ya bushe.
Ya shimfiɗa tamfol, na kifa dami ina kaɗawa,
ƙwaya na zuba da sautin yayyafi.
Kuɗin rajistata ke nan.
Na bara ma shi ne, haɗe da tunkiyar Inna,
da abin da yayana Lawandi ya tara
yana acaba a Haɗejiya, cikin rana da ruwa.

Da rana ta take muka koma gindin aduwa.
Na zaro takardar.
Bai yi boko ba, amma da hannu biyu ya karɓa,
ya warware ta ninki-ninki, ya riƙe ta kai a ƙasa.
Na ce, "Baba, akwai guda da na faɗi.
Sai na ƙara shekara."

Ya daɗe yana kallon tururuwa tana jan ƙwayar riɗi.
"Guda nawa ne duka?"
Na ce tara.
"Takwas ɗin fa?"
Na ce na ci.
Ya kurɓi fura, ya share gemu.
Bai ce ba komai ba.
Da komai, ni da shi mun sani.
Ya ce, "Kada uwarka ta ji yau, ta yanka maka zakara.
Tashi, iska ta taso, mu yi shiƙa."

Da dare a soro na kunna aci-balbal,
na buɗe littafin daga shafin farko,
inda har yanzu nake ganewa.
Sai na nemo lambar Sadisu.
Ta yi ƙara sau biyar kafin ya ɗauka.
Bai ce komai ba, ni ma haka,
ina jin numfashinsa da kukan awakinsu.
Can na ce, "Bokitinka fa yana nan."
Ya yi dariya, 'yar kaɗan.