Abin da Ke Ƙarƙashin Daɓe

A bakin ruwan Yawuri, da hantsi,
muka jawo jirgin Baba Arzika kan yashi.
Mu takwas, da ƙyar.
Da can, in ji shi, huɗu ke ɗaga shi.

Ba ɓula ko ɗaya.
Amma damina uku ke nan yana tafiyar mai tsohon ciki,
inji na kuka, mai na ƙarewa ba mu kai gungu ba.

Namata ya sa gizago ya ɓamɓare daɓen.
Ga soson da aka cusa don hana nutsewa,
baƙi ƙirin, da warin tsohon kwatami.
Na taka,
ruwan bara da na bariya
ya tsattsafo tsakanin yatsuna.

"A shanya," in ji wani.
Baba ya girgiza kai:
"Abin da aka sha a ɓoye, rana ba ta karɓewa."

Yini biyu muna yagowa,
buhu goma sha ɗaya.
Muka jera fankon jarkoki a gurbinsa, muka liƙe da kwalta.

Ran Laraba ya koma ruwa,
ya ɗago da taƙi guda.
Baba ya daɗe yana kallon zanen gansakuka
da ya fito sarari,
hannunsa dafe da ƙirji.