Gwangwanin Makullai

A shagona na Sabon Tasha
akwai gwangwanin madara bayan kanta.
Kwalba ta biyu na sauka kan tebur,
makullin motarka na faɗawa ciki.

Daren Asabar Ishaya ya zage ni,
wai hannunsa ya san hanyar Barnawa ko ido rufe.
Na ce, wanda ya take ƙanena Gambo a Kakuri
shi ma ya san hanya.

Na tsayar masa da keke napep.

Da safe ya dawo, bai gaishe ni ba.
Gambo na ƙofa yana gyaran takalma,
sanduna biyu jingine da benci.
Ishaya ya daɗe tsaye,
sannan ya cire takalminsa lafiyayye
ya ce a ɗinke masa.