Turakun da Suka Tsaya a Gada

Shekara talatin da ɗaya ina hawa kwarin nan da jakar wasiƙu,
daga Narin zuwa Kara-Tal ta saman dutse,
a motar da ba ta tashi sai an roƙe ta.
Sunana Toktosun, amma yara "Akwai tamu?" suke kirana.

Bara da kaka samari uku suka zo daga Bishkek
da na'ura mai ƙafa uku da riguna masu ɗaukar ido.
Suka sha shayi a gidan tsohuwa Burul,
suka shimfiɗa taswira a kan dardumar gashin tumaki.
Ga jan layi ya taso daga birni
kamar jijiya a bayan hannun manomi.
Suka ce zaren gilashi ne, bai kai gashin wutsiyar doki kauri ba,
za a binne shi, haske ya riƙa gudu a cikinsa
ɗauke da murya, da fuska, da darasi, da kuɗin fansho.
Burul ta ce, "Haske a ƙarƙashin ƙasa?
To, ku ratsa ta maƙabarta, maigidana yana can."

Jajayen turaku suka jeru a bakin hanya.
Na ƙirga su ta tagar mota, ina rasa lissafi a kowane rami,
har gadar ƙarfe.
Nan suka ƙare.
Kilomita tara tsakaninmu da turken ƙarshe.
Rediyo ya ce mu muna zango na uku.
Na san zango na uku,
can kwaltar hanyarmu take kwana tun ina saurayi.

Jikata Ayperi kan hau rufin makaranta da wayar uwarta,
ta miƙa hannu sama kamar mai rantsuwa,
darasin lissafi na ɗigowa
yadda ƙanƙara ke narkewa a bakin indararo.
Wata rana ta sauko da rabin darasi da yatsu shuɗaye.

Sai Ermek makiyayi ya buga tebur a masallaci bayan la'asar:
in rami ne ya gagare su, mu muna da hannu.
Aka kira gayya, wadda a nan muke ce wa ashar.
Kowane gida taku ɗari biyu, zurfi zuwa ƙugu.
Matan da 'ya'yansu ke dako a Mosko
su suka fara fitowa, da shebur da tulun shayi.
Muka rubuta wa ma'aikata: ga rami, ku kawo zare.

Ni ma na haƙa.
Na san kabarin sana'ata nake haƙawa,
kuma diga bai yi mini nauyi ba.

Abu ɗaya ne ke hana ni barci.
Shekaru ina karanta wa Burul wasiƙun ɗanta, idonta ya mutu.
Inda ya rubuta "an kore ni," na ce "na canza aiki."
Inda bai gaishe ta ba, na gaishe ta da sunansa.
Zaren gilashi ba ya rage gishiri a miyar kowa.
Ranar da ya iso, za ta ji muryar yaron yadda take,
da tarin, da shirun.
Ban sani ba ko za ta yafe mini, ko shi.

Yau dusar ƙanƙara ta fara cika ramin.
A jakata akwai farar ambulan mai hatimin ma'aikata,
amsarmu ce, ta hannuna ta biyo, don babu wata hanya.
Na tsaya a gada, na jingina da jan turken ƙarshe.
Ban buɗe ba.
Suna jirana a makaranta, an hura murhu.
Wannan kam zan karanta ta yadda aka rubuta.