Tulun Kakar Ujeli

Makarantar tana bisa dutse a ƙasar Nepal,
inda gonakin shinkafa ke hawa kamar matakala,
gajimare ya shigo aji ba sallama.
Madubin ganin ƙananan halittu ɗaya ne tak,
shi ma da tsaga, an ɗaure shi da roba.

Malama Sumitra ta ajiye alli.
"Yau bakina ya huta," in ji ta.
"Ku ja benci, ku zauna huɗu-huɗu, gwiwa da gwiwa.
Kowane rukuni da abin da zai tono,
gobe in barbaza ku,
kowa ya kai wa baƙin rukuni abin da ya samo.
Wanda ya yi barci, mutum uku ya bari da yunwa."

Rukunin Pemba suka ɗauki ganyen da ake dannawa a tukunya
ya yi tsami kafin sanyi ya rufe hanya.
Rukunin Kiran suka tuge wake,
suna ƙirga ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa.
Wasu aka ba su hanjin mutum a takarda,
suka yi ta dariya har takardar ta yage.

Norbu ya naɗe hannu.
Tun da gudawa ta kwantar da ƙanwarsa bara
yake wanke hannu har fata ta tsattsage.
Ya ce, "Duk abin da ido bai gani ba, makashi ne."
Ba a musa masa ba. Malama ta dubi taga.

Ujeli, wadda shekara guda ba a ji muryarta ba,
ita ta zo da tulun katako na kakarta,
baƙi ƙirin da tsufa, yana ƙamshin jiya.
Ta raba madarar ɓauna kwalba biyu,
ɗaya ta sa mata cokalin tsohon kindirmo,
ɗaya ta bar ta haka nan.
Ta naɗe su da rigar ulu kamar jarirai,
aka kwana.

Da safe ta farko ta kama, fara sol, cokali na tsayawa.
Ta biyu tana nan ruwa tsululu.
Ujeli ta ce, a hankali, tana kallon ƙafarta,
"Kaka ta ce madara ba ta zama ita kaɗai."

Aka ɗiga a gilashi, aka yi layi.
Norbu ne na ƙarshe.
Ya rufe ido ɗaya, ya daɗe a sunkuye.
'Yan sanduna sirara, birjik,
sun fi tumakin kwarin nan yawa.
"Waɗannan nake sha tun ina goye?"
Pemba ya ce, "Su ne a tukunyarmu ma."
Mai yagaggiyar takarda ta ce, "Suna cikinka yanzu,
sun cika masauki, mugu ya zo ya rasa wurin shimfiɗa."
Kiran ya ɗaga saiwar wake, ya manta abin da zai ce,
na kusa da shi ya ƙarasa masa.

Norbu ya ce, "Amma wanda ya kama ƙanwata fa?"
Aji ya yi tsit.
Ujeli ce ta amsa: "Shi ma yana nan.
Kar ka daina wanke hannu.
Ɓarawo ɗaya dai ba ya sa a ƙone kasuwa."

Malama Sumitra ba ta ce uffan ba,
tana goge allon da ba a rubuta komai a kai ba.

Da aka tashi, hazo ya sauko kan tudu.
Norbu ya wanke hannu a famfo, sau ɗaya.
Ya karɓi cokali, ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska,
sannan ya nemi ragowar kwalbar,
wai zai kai wa ƙanwarsa.